Hoto Ɗaya da Hasana Ta Ɗauka a Ɗakin Inna

Hasana mai hoto ƙawata ce tun muna firamare, kuma a duk cikin birnin Kano ban san wadda take ɗora wa kanta wahala da gangan kamarta ba. Kyamararta babba ce, maɓallanta sun fi na rediyon mota yawa, amma rabinsu a liƙe suke da baƙin salatif irin na masu gyaran wutar lantarki. Na yi shekaru ina yi mata dariya a kan wannan. Ban daina ba sai da wata buƙata ta mahaifina ta taso.

Mahaifina, Alhaji Hambali, shekarunsa sittin da uku, ya yi ritaya daga aikin ofis, kuma shi ne ɗan farin kakarmu Inna. Mu asalinmu Fulani ne. Kakanninmu sun rabu da shanu sun zauna a Soron Ɗinki tun kafin a haifi Baba, Fulatancin ma ya tsere mana, amma kunyar ɗan fari tana nan daram a wurin Inna. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Kullum da safe yana zuwa ya durƙusa daga bakin ƙofar Inna ya gaishe ta, ita kuma ta kawar da kai wajen bango ta amsa da "lafiya" biyu ko uku, shi ke nan an gama. Ƙannensa kuwa har kan gadonta suke zama ana hira ana shewa.

Da daminar bara Inna ta kwanta ciwo, sai da ta yi mako biyu a asibiti. Bayan an sallamo ta Baba ya kira ni zaure, ya daɗe yana jujjuya carbi kafin ya yi magana.

"Sumayya, hoto ɗaya nake so, ni da Inna. Kowa a gidan nan yana da hoto da ita ban da ni." Sannan ya ƙara da cewa, "Na san al'ada ce. Amma akwai ranar da nake tambayar kaina ko al'adar ce kaɗai."

Maganar ta soke ni. Dattijo mai jikoki tara yana kokwanton ko uwarsa tana sonsa, kuma ba shi da bakin tambaya. Ni kuma da garajena, ranar Sallah na jawo kujera na ajiye kusa da Inna, na ce Baba ya zauna, na ɗaga waya. Kafin in danna ta miƙe, tsohuwar da sai an kama ta take tashi, ta shige uwar ɗaka ta saki labule. Baba ya yi murmushi ya ce ba komai, amma na ga fuskarsa. Na yi fushi da Inna har na kwana biyu ban leƙa ta ba. Daga nan ne na nufi Ƙofar Kabuga, gidan Hasana.

Bari in faɗi ko wace ce ita tukuna. Hasana Babarbariya ce, haihuwar Zangon Barebari, aure ne ya kai ta Kabuga. 'Ya'yanta huɗu, mijinta malamin makaranta. Ba da hoto ta fara ba, da ƙunshi ta fara. Tana yi wa amare lalle, sai ta ɗauki hannayensu da waya don ta nuna wa wasu aikinta. Da yake mai hoto namiji iyakarsa ƙofar gida, a ciki kuwa mata sun yar da mayafi suna sha'aninsu, sai aka fara cewa, "Hasana, ɗauke mu mana." A haka har ta sayi kyamara ta hannu, ta ajiye kwanon lalle. A lokacin ba ta san komai ba sai dannawa. Ta bar kyamarar a kan otomatik, ta kunna fitilarta, ta yi ta ƙyasta wa mutane haske a ido. A biki ɗaya sai ta ɗauki hoto ɗari takwas.

Wata rana uwar wata amarya ta zauna ta duba ɗari takwas ɗin nan kaf, ta ɗago ta ce, "Sannu da ƙoƙari. To ina 'yar tawa?" Fitila ta wanke fuskar yarinyar ta yi fari fat, ba hanci ba kumatu, sai ido da jan baki. Hasana ta ce ko da an zage ta ba za ta ji zafin da ta ji ba. Ba ta yi kuka ba, don ba halinta ba ne. Washegari ta saɓa kyamara ta tafi wurin Malam Ɗalha, wani tsohon mai hoto da ke da ɗan shago wajen Ƙofar Nassarawa, wanda ya fara aiki tun zamanin fim, a lokacin kuma ya koma ɗaukar fasfo kawai.

Malam Ɗalha ya karɓi kyamarar ya jujjuya ta, ya ce, "Malama, wa yake ɗaukar hoton, ke ko ita?" Bai jira amsa ba ya cire ta daga otomatik, ya ciro salatif daga aljihun tebur ya rufe allon bayanta ruf, yadda ba za ta ga abin da ta ɗauka ba sai ta koma gida. Ya ce daga yau hoto goma sha biyu za ta ɗauka a yini, domin tsohuwar kyamararsa iyakar abin da fim ɗinta yake ci ke nan, kuma da ita ya aurar da 'ya'ya shida. Hasana ta ce a kwanakin farko kafin hantsi ta cinye sha biyunta a kan kaji da yara. Daga baya ta fara rowa. Sai ta ɗaga kyamara, ta duba, ta sauke. Wani yinin da uku take komawa gida.

Bayan wata guda ya liƙe zoben da ake murzawa a jawo abu kusa. Ya ce in tana son abu ya matso, Allah ya ba ta ƙafa. Ta shekara cur da wannan ido ɗaya na kyamara, ba ya matsowa ba ya ja da baya, har ta kai ko ba ta leƙa ba ta san daga ina zuwa ina hoton zai ɗauka. Sannan ya cire fitilar ya jefa a aljihun teburinsa, ya ce sai bayan kwana arba'in. Ɗakunan cikin birni kuwa kowa ya san su, katanga mai kauri, taga kamar tafin hannu. Hotunanta suka yi ta fitowa baƙi ƙirin ko kuma a dagule, har ta koyi yadda ake buɗe idon kyamara a rage saurin ƙiftawarta, a riƙe numfashi, a jingina gwiwar hannu da gwiwar ƙafa. Horon da ya fi ba ni dariya shi ne na zaure. Ya sa ta zauna a zauren gidansu daga safe har azahar, tana fuskantar bango ɗaya, ba abin da za ta ɗauka sai hasken da ke tafiya a jikinsa. Na same ta a haka na ce, "Hasana, ko dai a kira mai ruƙiyya?"

Malam Ɗalha ya rasu shekara biyar ke nan, Allah ya jiƙansa. Na zaci daga nan salatif ya ƙare, ashe yanzu aka fara. Kowane wata Hasana tana kafa wa kanta sabuwar doka. Wani watan hannaye kawai take ɗauka, na mai fura, na maɗinkin hula, na tsohuwa mai tsince shinkafa. Wani watan ba kala, sai fari da baƙi. Akwai watan da ta hana kanta ɗaga kyamara zuwa ido, a kan cinya take ajiye ta ta danna. A wurin biki takan sassauta, don aikin mutane ne, amma safiyarta ta horo ce. Ni nakan ce kyamararta kullum cikin azumi take. Ita kuma ta ce, "Ke da wayarki mai ido uku, nuna mini hoto ɗaya da za ki iya rataye wa a bango." Ba ni da shi, shi ya sa nake canza magana.

Da na gama zayyana mata abin da ya faru ranar Sallah, sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ke yanzu Bafulatana za ki ajiye wa kujera kusa da ɗan farinta? Ai ko ni Babarbariya na fi ki sanin Fulani."

"Dariya na zo ki yi mini ko taimako?"

"Zan zo," in ji ta. "Amma ba zan zaunar da kowa ba, ba zan tsayar da kowa ba. Kuma ki kama bakinki."

"Za ki iya?"

"Zan iya."

Haka take magana, ba ta ƙara gishiri ba ta ragewa. Ranar Asabar da safe ta zo. Inna ta san ta tun tana yarinya, kuma tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, don haka tun daga tsakar gida suka fara.

"Wa nake ji kamar Babarbariya? A ɓoye ƙwaryar nono," in ji Inna.

"Nonon da kuka tsinka da ruwa? Riƙe abinki, Inna. Hotonki na zo ɗauka, in kai Barno su ga yadda Fulani suke tsufa da kyau."

Inna ta ce ita ba ta son hoto. Hasana ta zauna ta yi ta janta da hira har tsohuwar ta gaji ta fara kafa sharuɗɗa, tana zaton za su kore ta. Ba za a ƙyasta mata walƙiyar nan a ido ba. Ba za ta tashi daga bakin gadonta ba, ba za ta fita tsakar gida ba. Ba za ta sake zane ba. Kuma sau ɗaya za a danna, ba irin na jikokinta da suke cewa a sake, a sake ba.

Ni na ɗauka ba zai yiwu ba, don ɗakin Inna ko da rana sai ka tsaya idonka ya saba kafin ka ga tasoshinta. Hasana kuwa ko gezau.

"Na yarda da duka," ta ce. "Nawa sharaɗin ɗaya ne. Ni zan zaɓi lokacin da zan danna, ko yau, ko gobe, ko jibi. Kuma ke za ki fara gani. In bai yi miki ba, a gabanki zan goge."

"Ki yi ta zama har ki tsufa," in ji Inna.

Hasana ta nemi wuri a kan tabarma ta jingina da bangon gefe, ƙofa tana hagunta, gadon Inna yana damanta. Ta ɗora kyamara a cinya ta ci gaba da surutu. Wajen ƙarfe takwas da rabi Baba ya yi sallama, ya durƙusa daga ciki kaɗan, ya gaishe da Inna. Ta juya wajen bango ta amsa yadda ta saba. Ya tashi ya fita. Hasana ba ta taɓa komai ba. Da muka fito na ce mata ga su nan su biyu a ɗaki ɗaya, me ya hana ta dannawa?

"Hoton ƙeyar Inna kike so ki kai wa Baba?" ta ce. "Wannan ai yana da shi, shekara sittin yana kallonsa."

Ranar Lahadi ta dawo ta zauna a daidai wurin jiya. Wannan karon na ga tana ɗan murza wasu abubuwa a jikin kyamarar, tana duban ƙofa, tana duban fuskar Inna, kamar mai auna yadi. Baba ya zo ya gaisar ya tafi, ba ta danna ba. Bayan fitarsa ta ciro salatif ta liƙe duk abin da ta saita. Haƙurina ya ƙare, na ce mata a zaure in ba za ta iya ba ta faɗa mini.

"Gobe," ta ce. "Ki roƙi Allah kada hadari ya rufe rana. Kuma don Allah gobe ki daina kallon Baba. Kakarki za ki kalla."

Ranar Litinin gari ya waye garau. Baba ya shigo a lokacinsa, ya gaisar, Inna ta ba bango amsa. Ya miƙe ya juya, jikinsa ya cika ƙofar, ɗakin ya ƙara duhu. Sai ya sunkuya a bakin dokin ƙofa zai sa takalmi. Yana sunkuyawa hasken safiya ya tsallako ta saman bayansa ya sauka a kan gado. A daidai nan Inna ta juyo. Ta zuba wa bayansa ido, ta ɗan miƙa wuya, leɓɓanta suna motsi a hankali, hannunta na dama ya ɗan ɗago daga cinya. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, duk taurin nan ya narke. Na ji ƙaras ɗaya daga cinyar Hasana, wadda ko kallon kyamarar ba ta yi ba. Baba ya miƙe, hasken ya yanke, Inna ta mayar da kai wajen bango.

Abin bai fi ƙiftawar ido uku ba. Kunya ta kama ni. Shekara arba'in ina gidan nan, kullum idona yana kan Baba ina taya shi jin ciwo, ban taɓa waiwayawa na dubi tsohuwar da nake fushi da ita ba. Hasana ta gani tun ranar farko, sauran kwanakin haske take aunawa.

Bayan kwana biyu ta dawo da hoton a wanke, fari da baƙi, cikin ambulan. Kamar yadda ta yi alkawari, ɗakin Inna ta fara shiga, ni ina biye. Inna ta karɓa ta matsa da shi wajen haske. A gefe ɗaya ga bayan Baba a sunkuye, farar rigarsa da hularsa, a ɗaya gefen ga ta, komai na fuskarta ya fito, har addu'ar da ke bakinta kamar ka ji ta. Ta daɗe tana kallo. Na shirya jin faɗa.

"Babarbariya, ke mayya ce," ta ce a hankali.

"In goge, Inna? In yaga wannan?" in ji Hasana.

Inna ta kai yatsa ta shafa wajen wuyan Baba a jikin takardar.

"Mutumin nan ya rame," ta ce. "Ba a ba shi abinci ne a gidan?" Ta miƙa wa Hasana hoton tana kallon gefe. "Ni ba ni da wurin ajiye tarkace. Ki ba duk wanda kika ga dama."

Mun same shi a zaure yana sauraren rediyo. Hasana ta durƙusa ta gaishe shi ta miƙa masa ambulan. Ya sa tabarau ya zaro hoton. Da farko ya ɗan yi dariya, ya ce wannan ai bayansa aka ɗauka. Sai idonsa ya kai ɗaya gefen, dariyar ta tsaya. Ya kashe rediyo. Ya kusanto da hoton, ya nisanta shi, ya sake kusantowa.

"Yaushe ne wannan?"

"Shekaranjiya, Baba, da kana sa takalmi," in ji Hasana.

"Dacewa aka yi, ko..." Bai ƙarasa ba.

"Kwana uku na zo, Baba, kwana uku ta yi. Kuma wanda ya ga yadda take juyowa ya san ba a kwana uku ta koya ba."

Baba ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma bai ɓoye ba, ya bar su suka gangaro cikin gemu. Ya ce wa Hasana Allah ya yi mata albarka, ya faɗa har sau uku. Ita kuwa ta ce amin, ta tashi ta saɓa jakarta, wai tana da kamu a Gwale kuma ba ta son ta makara. A ƙofar gida na rungume ta, ta ture ni ta ce in bari kada in karya mata kyamara.

Baba bai ce wa Inna komai ba, ita ma ba ta ce masa ba. Washegari da safe ya zo gaisuwa, ta ba bango amsa kamar kullum. Ya juya ya sunkuya a bakin ƙofa. Takalmin nan silifa ne, zura ƙafa kawai ake yi, amma sai da ya karkaɗe na dama, ya karkaɗe na hagu, ya duba ƙasansu ɗaya bayan ɗaya, ya gyara bakin wandonsa. Bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya ya ɓata. Ni ina tsaye a tsakar gida na ga bakinsa yana motsi, amin yake cewa. Har yau haka yake yi kowace safiya, kuma duk gidan ba wanda ya taɓa ce masa ya yi sauri.